Kibiyar Bappayo da Talotalon Madam

Bappayo na unguwar Jekadafari bai gaji komai wurin mahaifinsa ba sai baka ɗaya da kwari mai kibiya tara. Uban maharbi ne na gaske. Ɗan kuwa a cikin gari ya tashi, ko ƙadangare bai taɓa harbi ba. Amma da ya rataya kayan ya je neman gadi a wani siton auduga, ba wanda ya ce ya gwada.

Shekara goma sha tara ɓarayi na kewaye wa siton, saboda labarin da ya shuka da bakinsa. Sauran maharba sukan yanke gurbin dafi su ci nama. Nasa dafin, in ji shi, ko ungulu ta ci abin da ya harba ba za ta kai gida ba. Matarsa Kadijatu kaɗai ta san baƙin da ke bakin kibiyoyin na gindin tukunyarta ne, an kwaɓa da man gyaɗa.

A shekarun da kuɗin mai suka fara yawo, aka kawo wani tsohon fim na Turawan Ingila siliman gari. 'Yan fashin daji ne na zamanin takobi, masu koren wando kamar an shafa musu, suna lilo da igiya daga bishiya, suna ƙwace na attajiri su ba talaka. Shugabansu in ya harba kibiya sai ta tsaga wata. Bappayo ya kalle shi sau shida, kuma kullum a teburin mai shayi zaginsu yake.

"Ƙarti da gemu, ba mai babbar riga ko ɗaya! Kuma a ina ka taɓa ganin maharbi yana harbi yana dariya?"

"To me kake komawa yi, Baba?" in ji mai shayin.

"Kurakuransu nake ƙirgawa."

Ba kurakurai yake ƙirgawa ba. Yatsun Baturen yake kallo, ya ga yadda ake ɗana kibiya a tsirkiya. An yi sabon manaja a siton, Cornelius, mutumin Kaltungo, wanda ya ce zai kawo masu gadi na zamani, masu kaki da usur. Sai dai shi ma fim ɗin ya shige shi har ƙashi, ya ce in tsohon ya nuna masa harbi irin wancan, gadi nasa ne har ya mutu.

Ran Asabar da la'asar aka jingina dilar auduga a harabar gidan manaja, aka zana mata da'ira da gawayi. Leburori suka taru. Matar manaja, Madam Hilda, malamar firamare, ta fito da kujerarta. Can gefe talotalon da take kiwo don Kirsimeti yana ta hura wuya.

"Ranka ya daɗe, kibiyar nan ba ta fita don wasa," in ji Bappayo.

"Yau ta fita, Baba."

Ya jera yatsu yadda ya gani a silima. Ya ja, ya rufe ido, ya saki. Dilar auduga ko girgiza ba ta yi ba. Kibiyar ta yi hagu abinta, ta zauna a ƙirjin talotalo.

Ba a taɓa ganin Bappayo ya yi gudu ba sai ran nan. Kafin tsuntsun ya gama shure-shure ya danne shi, ya juya shi alƙibla, ya yi bismillah ya yanka. Sai da jini ya zuba ya tuna da ungulu.

Leburori suka ɗau ihu. "Sak na fim! Na mai kuɗi ya faɗi!" Cornelius sai tafi yake, wai tsohon ya raina abin da ke tsaye ne ya zaɓi mai motsi.

Madam Hilda ba ta tafa ba. Ta taso a hankali ta tsaya kansa.

"Baba, naman da ko ungulu ba ta ci, wa ka yanka wa?"

"Sabo ne, Madam. Hannu ne ya riga ni. Bari in kai shi nesa in binne, kada karnuka su tone."

Ta sa yatsa ta dangwali baƙin wata kibiya a kwarinsa, ta sansana. Leburori suka ja da baya suna salati. Ita kuwa man gyaɗa ta ji. Ta dubi mijinta da ke ta murna, ta tuna masu kakin da suka cinye kajin yayarta a Bauchi ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsohon aƙalla tsoronsa ake ji.

Ta yi maza ta goge yatsar a ƙasa kamar ta ƙone, ta ce da ƙarfi, "Wayyo! Ɗauke shi daga nan!" Sannan ta rage murya. "Ka ce wa Kadijatu ta binne min cinyoyin biyu a kwano, da yaji. Zan aiko gobe bayan coci."

Masu usur ba su zo ba. Bappayo ya ƙara shekara goma sha ɗaya a bakin siton, bai sake taka silima ba, ya ce ba abin da za su koya masa. Kibiya takwas ya bar wa ɗansa. Duk wanda ya tambayi ta taran, sai a nuna masa wani fili bayan unguwar Dawaki inda aka ce nan ya binne ta da talotalon, wai har yau ciyawa ba ta fitowa.