Baba Baƙo, Mai Kula da Makabartar Unguwar Kanya

Kafin ladanin ƙauyen da ke ƙetaren rafi ya gama kiran sallar asuba, Baba Baƙo ya riga ya tashi. Yakan durƙusa a bakin gadonsa ya yi addu'a, ya ambaci sunayen 'ya'yan Unguwar Kanya da suka watsu a duniya, har da waɗanda suka manta hanyar gida. Daga nan ya ɗumama sauran tuwon jiya, ya zuba wa akuyarsa dusa, ya saɓa fartanya ya nufi gabas da gari. Can bayan wata tsohuwar kanya makabartar Kiristocin unguwar take. Ba wanda ya ɗauke shi wannan aiki, ba kuma wanda ya taɓa ce masa ga ladanka. Tun yana da ƙarfin ɗaga buhun dawa shi kaɗai yake wannan zirga-zirga, har ya kai sai ya dafa sanda.

Idan ya isa sai ya yi sallama, kamar wanda ya shiga gidan mutane. Na taɓa tsokanarsa, na ce, "Baba, wai suna amsawa kuwa?" Ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Ba sa amsawa, 'yata, amma ba sa katse ni. Ku masu rai fa?" Sai ya duƙa ya kama aiki. Ya cire ciyawa, ya cike inda ruwa ya zaizaye, ya toshe ramin gafiya, ya gyara shingen bini-da-zugu inda awaki suka ɓarke. Yawancin kaburburan ba su da rubutu. Wani dutse ne a kansa, wani tsohuwar tasa, wani fasasshiyar tukunya. Mahaifina yana cikinsu, ƙarƙashin wani jan dutse. Ni da nake koyarwa a Kabo, nan kusa, sai na yi watanni ban leƙa ba, amma ban taɓa zuwa na tarar da ƙaya a kansa ba.

Wanda ya san Unguwar Kanya a yau ba zai yarda da abin da take a dā ba. Ƙaramar unguwa ce tsakanin Gwarzo da Kabo, amma ranar Kirsimeti cocinmu ba ya ɗaukar mutane, sai a shimfiɗa tabarmi a waje, matan zumunta suna kiɗan tulu har muryoyinsu su dushe. Sannu a hankali gonaki suka yi wa magada kaɗan. Samari suka bi mota zuwa Kano da Zariya da Abuja, suka dawo suka ɗauki matansu, daga baya suka ɗauki iyayensu. Wasu gidajen suka musulunta, aka ci gaba da gaisawa da cin tuwon biki tare, sai dai ranar Lahadi benci ya ragu da mutum biyu ko uku. Ba faɗa aka yi ba, ba kuma korar kowa aka yi ba. Gari ne kawai ya tsiyaye, har a cikin Kiristoci ya rage daga Baba Baƙo sai Inna Gwamma, wata makauniyar tsohuwa da yake ja wa sanda zuwa sujada. Ita ma da ta cika, shi ya haƙa mata.

Tun daga nan shi kaɗai yake sujada, sai fa Lahadin da mai bishara ya samu zuwa a babur daga Gwarzo. Duk da haka yakan share ɗakin gaba ɗaya, ya goge kowane benci, ya zauna a na biyu inda ya saba zama tun yana saurayi. Ya yi waƙa da muryarsa da ta tsufa, ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta da ƙarfi. Wata mata mai tallan nono ta gaya mini ta taɓa tsayawa a bakin taga tana tsammanin akwai jama'a, da ta leƙa ta ga tsoho ɗaya, sai ta sauke ƙwaryarta ta zauna a inuwa har ya gama. Ta ce tausayi ne ya hana ta wucewa. Da na ba shi labarin sai ya ce, "Allah sarki. Da ta shigo ai da mun zama uku, har da Ubangiji."

Kai ne, Baba, ka tsare wannan ɗan fili a zamanin da ƙasa ta yi tsada. Kowace damina garmar shanu takan matso, ta ci kunya ɗaya daga gefen makabarta, mai gonar ya ce kuskuren yara ne. Ba ka taɓa ɗaga murya ba, ba ka taɓa kai ƙarar kowa wurin dagaci ba. Kakan jira a gama girbi, ka yanko reshen bini-da-zugu ka dasa a inda iyakar take tun asali, ka je har gida ka gai da mai gonar, ka tambayi lafiyar iyalinsa. Mutum ya ji kunyarka ya ja baya. Baɗi kuma a sake. Da ni ce, da tuni an ji mu a Gwarzo.

Abin da ya faru ranar da matarsa Rahama ta rasu, ba ni nan. Malam Hambali ne ya ba ni labari, maƙwabcinsa Musulmi, wanda gonarsa ke arewa da makabartar. Tsakiyar damina ce, rafi ya cika ya batse, babu Kiristan da zai iya ƙetarowa daga ko'ina. Baba Baƙo kuwa jinya ta cinye shi, ga zazzaɓi a jikinsa. Ya ciro ƙyauren ɗakinsu da wani tsohon benci, ya zauna yana haɗa akwatin gawa. Malam Hambali ya ce da ya ga haka sai ya tara mazan unguwarsu, suka ɗauki diga da shebur suka tafi haƙa ba tare da sun tambaye shi ba, don su ɗauke masa nauyi.

Suka haƙa yadda suka iya, yadda suke yi wa nasu: rami mai faɗi a sama, sannan siririn rami a ciki daidai jikin mutum. Ba wanda ya tuna cewa mu a akwati muke binnewa. Da aka kawo ta aka zo saukewa, akwati ya ƙi shiga. Malam Hambali ya ce, "Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mun zo taimako mun ƙara wa bawan Allah baƙin ciki." Ga kuma yayyafi yana sauka. Sai Baba Baƙo ya dafa akwatin ya ce, "Rahama, har a nan ma sai kin sa an sake aiki?" Duk wanda ya san marigayiyar ya san ba a yi mata shara sau ɗaya ta ce ta yi. Dariya ta ƙwace wa mutane, hawaye na zuba. Ya sauka ramin da kansa ya nuna musu faɗin da ake bukata, Malam Hambali ya karɓe digar daga hannunsa. Da aka rufe, Baba Baƙo ya tsaya ya yi addu'a cikin sunan Yesu Almasihu shi kaɗai, su kuma suna tsaye a bayansa, ba wanda ya motsa har ya ce amin. Ya koma gida ya kwana a ɗakin da babu ƙyaure.

Na tambaye shi daga baya yadda ya iya da zaman kaɗaici bayanta. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce akwai ranakun da yakan dafa abinci ya zuba a kwano biyu, sai ya ankara. Akwai ranakun da yakan ce wa Ubangiji, "Ka kwashe kowa ka bar ni, me na yi?" Na ce, to me yake ce maka? Ya ce, "Ba ya cewa komai. Gari ne yake wayewa, in ga na tashi, in ga akwai ciyawar da zan cire. Sai in ce to, amsar ke nan ta yau."

Bara da kaka ya faɗi a tsakanin kaburbura, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Wata mata mai neman itace ce ta tsince shi, rana ta riga ta take. 'Yarsa Asiya, wadda ke aikin jinya a Zariya, ta zo ta ce sai dai su tafi tare. Ya ƙi. Ta koma ta dawo, ya sake ƙi. Ba gidan yake ji ba, ba gonar ba. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Wa zan bar wa su? Ina juya baya garma za ta shiga." Kuma gaskiyarsa ce, mu duka mun san haka. Asiya ta durƙusa a gabansa tana kuka ta ce, "Baba, duk wanda ka rufe wa nasa, cewa kake ya bar wa Allah. Kai fa?" Sai ya ce ta ba shi zuwa bayan girbi.

Ranar tafiyar ina nan. Mota tana jira a bakin hanya, shi kuwa ya ce sai an kai shi makabarta. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dafe da kafaɗar Asiya, yana kiran sunan kowa. A kan na Rahama ya fi daɗewa, muka ja baya muka ba shi wuri. Malam Hambali ya iso daga gonarsa, shi ma yana jan ƙafa. Na zaci zai ɗauki babban alkawari, irin wanda ake yi wa mai tafiya don a sanyaya masa rai. Bai yi ba.

Ya ce, "Baƙo, ba zan yi maka ƙarya ba, ni ma tsoho ne. Muddin ina numfashi, garma ba za ta shiga nan ba. Bayan raina kuwa ban san abin da yara za su yi ba."

Baba ya riƙe hannunsa ya ce, "Na gode, Malam. Bayan ranka akwai Allah. Dā ma kafin ni shi ne yake tsaronsu, ni ɗan aike ne kawai na ɗauki kaina mai gida."

Ya juya ya shiga mota. Bai waiwaya ba.

Baba Baƙo, mai haƙuri, uban marasa mai ziyara, mun gode. Kai ne ka rufe iyayenmu lokacin da muke kan hanya ba mu iso ba. Kai ne ka nuna mana cewa dogara ga Allah ba ya hana mutum kuka, ba ya hana shi tambaya, yana dai tashe shi da safe ya kama abin da ke gabansa. Ubangiji ya saka maka, ya ba ka sauƙin ƙafa, ya sa ka saba da Zariya. Asiya ta ce har yanzu da asuba kake tashi, ka zauna a bakin ƙofa kana kallon mutanen da ba su san sunanka ba, kuma duk wanda ya zo daga gida tambayarka ɗaya ce, ko shingen yana nan.

Ku kuma 'ya'yan Unguwar Kanya, na Kano da na Zariya da na Abuja, ba na ce ku dawo ku zauna ba, na san abin da ya fitar da ku. Amma tsoho ɗaya ya ɗauke mana wannan nauyi har ƙafarsa ta gaza, yanzu kuma wani tsohon da ko addininmu ba ɗaya ba ne yake gadin iyayenmu. Ruwan farko ya sauka a makon jiya, ciyawa ta fara tsirowa. Ni dai ranar Asabar ina can. Ina so in Baba ya sake tambaya, a samu mai ce masa shingen yana nan, kuma ya zama ba ƙarya aka yi masa ba.