Rantsuwar da Na Nema wa Maigidana

Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'ar Musulunci ba, muna zaune a Limawa, ina goyon 'yata ta fari. Maigidana tsohon soja ne, ya yi yaƙin Saliyo, ya dawo ya ajiye kaki yana acaɓa tsakanin Dutse da Kiyawa.

Wata la'asar ina tankaɗe, rediyo ta ce an kafa kotu a can Saliyo, har da alƙalai Turawa, za a kamo masu hannu a kashe-kashen mutane. Ban yi boko ba, amma na ga yadda maigidana ya ajiye kofin kunu bai shanye ba. Daga ranar, duk baƙon da ya tsaya ƙofar mai unguwa sai in ce sammaci ya iso.

Ni shari'a ɗaya na sani. An taɓa tuhumar kawuna a Aujara kan saniya, babu shaidu, ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, alƙali ya sallame shi. Sai na ce mu riga su. Na roƙi maigidana ya je ya rantse gaban Malam, limamin unguwarmu, in sun zo a ce musu magana ta ƙare.

Kwana uku ina magiya kafin ya bi ni.

Malam ya gama saurarena, ya yi murmushi. "Yarinya, wancan alƙalin bai san rantsuwa ba, takarda ya sani. Wa ma ya naɗa shi a kanmu? Masu sayar da bindigogin suna gidajensu, baƙar fata kawai ake kamawa."

"Allah gafarta Malam, ke nan ba za su zo ba?"

"Manya suke nema. Wa zai hau jirgi don ɗan acaɓa? Amma waɗanda aka yanke wa hannu a yaƙin mutane ne, haƙƙinsu na nan." Ya juya ga maigidana. "Ga Littafi, in kana so."

Maigidana ya yi alwala tsaf, ya durƙusa, ya miƙa hannu. Ina kallon ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa kan buzu. Ya daɗe a haka. Sannan ya janye hannun, ya cusa a aljihu.

"Ke, tashi mu tafi."

A kan babur na matse 'yata, na ce, "Maigida, me ka yi a can?"

Ya ce in gyara zama, hanya ba kyau.

Kotun ba ta taɓa aiko masa ba. Ni ma ban sake tambaya ba.