Mai ƙarfi da marar ƙarfi

Shekarar da Baba ya kori yayana daga gida, ina aji biyu a jami'a a Dutsin-Ma. Laifinsa, ya mayar wa Baba magana a kasuwar Kurfi, gaban mutane. Yaya ya tattara ya koma Dutsin-Ma yana acaba, ga damina ta matso, babu mai riƙe garma. Su biyun taurin kansu ɗaya, ni kuma duk sun ishe ni.

A lokacin ana koya mana wani tsohon wasan kwaikwayo da aka rubuta a waƙe, inda wata mace ke roƙon mai mulki ya yi sassauci. Malaminmu ya nuna mana dabararta: kowace kalma sai ta jera ta da akasinta, sama da ƙasa, ƙarfi da rauni, har mai mulkin ya ji kunyar ƙarfinsa. Na ce to, na samo maganin Baba.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Kurfi ina ta bita a zuci. Na tarar da shi a zaure yana gyaran igiyar shanu. Na durƙusa na gaishe shi, na fara: shi babba, Yaya ƙarami. Baba ya ce ai shi ya sa bai kamata ya raina shi ba. Na ce shi mai haƙuri, Yaya mai zafin kai. Ya ce madalla da na gane. Duk abin da na jera sai ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi, ya jefi Yaya da ragowar. Haushi ya kama ni, har na fara jin haushin malamin da ma matar cikin littafin, wadda ba ta taɓa haɗuwa da Baba ba.

Na jefa ta ƙarshe: shi mai ƙarfi, Yaya marar ƙarfi.

Sai a lokacin na lura tun shigowata ƙulli ɗaya yake fama da shi, yatsunsa sun kasa jan igiyar.

"Wa ya gaya miki ina da ƙarfi?" in ji shi. "Buhu ma ba ni iya ɗagawa yanzu."

Ya ajiye igiyar bai dube ni ba.

"Kin iya magana, ɗiyata. Ki koma can ki yi masa ita. Ki ce ya ji tausayina ya dawo."