Ranar da Aka Kwashe Zauren Kakana

"Tsoho, ga 'yan bola sun zo kwasar tarkacenka," na ce da kakana ina dariya. Wasan jika ne, kullum sai na tsokane shi ya biyo ni da sanda. Ran nan ko motsa sandar bai yi ba.

A Suleja ne, shekarun casa'in, lokacin da ma'aikatan Abuja suka cika gari suna neman haya. Kawuna ya ce zauren gidanmu zai koma shago. A zauren nan kuwa Kaka ya tara tsofaffin tulunan Gwari, da kwari da bakan kakansa, da allon tashar mota tun garinmu na amsa sunan Abuja.

Ana cikin fitar da kayan sai ya riƙo hannuna.

"Kai ja'iri, wancan tulun wa ta gina shi?"

"Budurwarka ta fari, wadda ta ƙi ka."

"Bar wasa, faɗa mini."

Na faɗa masa. Ya nuna na gaba, na yi ta biya masa sunayen masu kayan kamar hadda, don na sha ji daga bakinsa.

Ya ce, "To, a cikin kanka kaɗai suka rage. Kada ka bari kawunka ya ba da hayar kan nan naka shi ma."

A bayan gida aka jibge kayan, ruwan sama ya gama da su. Kaka bai daɗe ba ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Jiya 'yata ta tambaye ni tarihin gidanmu, na buɗe baki, rabin sunayen suka ƙi zuwa. Ku a gidajenku, wa ya rage da ya san waɗannan abubuwa?