Safayar Yaya Habu da Ragon Suna

Ranar Asabar ce a tsakiyar damina, da ƙarfe biyar da rabi na asuba, muka haɗu a ƙofar gidan yayana Habu, a ƙauyenmu da ke kusa da Rimin Gado. Mu uku ne: ni, da shi, da Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifinmu. Na huɗunmu farin rago ne wanda Yaya ya kiwata da hannunsa.

Dalilin tafiyar shi ne suna. Matar ɗansa na fari ta haihu a gidan iyayenta, wani ƙauye a bayan Bici, Yaya kuma ya aika wa surukai cewa kada su nemi rago, shi zai kawo. Da yake ba ya faɗin sunan ɗan fari, cewa yake yi, "Na yi wa yaron nan alkawari." Idan mutane suka watse ragon bai iso ba, kunyar tasa ce shi kaɗai.

Motar ƙaramar bas ce mai kujeru bakwai, ta hannu, wadda ya saya bayan ya sayar da wake. Ta zo ba safaya, wato tayar ko-ta-kwana, ba kuma wurin ajiye ta. Yaya ya sayo taya da wilinta, ya ƙi kai wa mai walda, ya ce aikin da bai fi ƙarfin manomi ba ne. Ya ciro ƙarfe daga tsohuwar garmar shanu, ya huda ƙofar but, ya ɗaure ƙarfen, ya rataye tayar a waje. Notin da zai riƙe tayar ne ya ƙi hawa, sai ya zura igiyar rama ta ramukan wilin, ya shigar da ita ta ƙasan ƙofa, ya ƙulle a ciki, inda ya cire kujerar baya don rago.

"Habu, wannan igiyar ba ita kake ɗaure harawa da ita ba?" in ji Gwaggo.

"Ita ce, Gwaggo. Ta riƙe damin harawa, taya ce za ta gagare ta?"

"Allah Ya sa. Ni dai ban taɓa ganin mota da goyo ba."

Dawanau

Muka yanke ta cikin ƙauyuka, gero da dawa sun rufe hanya hagu da dama, muka ɓulla titin Dawanau gari ya fara haske. Kasuwa ba ta cika ba tukuna, sai manyan motoci a jere da 'yan dako suna shan shayi. Gwaggo ta sa aka tsaya ta sayi ƙosai mai zafi, ta ce ba za ta isa gidan surukai da yunwa ba.

Gaba kaɗan jami'an kula da hanya suka tsayar da mu. Ɗayansu ya duba takardu, sannan ya ce, "Baba, ina safaya?"

Wannan tambayar Yaya ke jira tun ranar da ya huda ƙofar. Ya fito da kansa, ya kai jami'in bayan mota, ya daki tayar da tafin hannu.

"Wane kamfani ne ya yi maka wannan?" in ji jami'in yana murmushi.

"Kamfanin ne a gabanka."

Aka sallame mu. Daga nan har Bici ba mu ji wata magana ba sai ta safaya. Ya ce da ni, "Sani, kai da ka yi aikin rediyo, ai irin wannan ya kamata ku riƙa faɗa wa jama'a." Na ce za a duba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, ragon da ya cika mana kunne tun daga gida ya yi shiru. Na ɗauka ya saba da mota ne.

Bayan Bici

Ƙarfe bakwai saura muka bar kwalta muka kama hanyar ƙasa. Ruwan daren jiya ya bar ramuka, motar na tsalle, Gwaggo na salati. Muka wuce wata 'yar unguwa mai masallacin laka, muka gangara wani kwari, sai motar ta karkata dama. Tayar gaba ta taka tsohuwar ƙusa.

Yaya bai damu ba. Har wani annuri na gani a fuskarsa. Ya ɗauko jak da sifana, ya ce, "Yau za ku ga amfanin tanadi." Ya zagaya baya, bai dawo ba.

Na bi shi. Ƙarfen garma yana nan daram, aikin ya yi kyau, amma babu taya a jikinsa. Muka buɗe but. Rago ya ɗago kai ya dube mu, guntun igiya na lilo a bakinsa, yana tauna a hankali. Tun yana ɗan ƙarami ya san wannan igiyar da ƙanshin harawa, ya kuma san abin da ake yi da harawa.

Gwaggo ta leƙo ta taga. "Goyon ya sauka ne?"

Wayar Yaya ta yi ƙara, ɗansa ne. Ya ce liman ya iso, an raba goro, mutane suna son su wuce gona. Yaya ya ce, "Ka ce muna dab." Ba mu dab. Sauran tafiyar ta fi ƙarfin ƙafar Gwaggo, babu kuma ko babur ɗaya a hanyar. Ya zare guntun igiyar daga bakin rago ya sa a aljihu, muka bar Gwaggo da mai laifi, muka koma da baya a ƙafa muna leƙa gonaki.

Unguwar masallacin laka

Ba mu kai unguwar ba muka jiyo lasifikar masallaci: "Jama'a, ana cigiyar mai taya. An tsinci taya a gonar Malam Audu." Na shekara ina karanta cigiya a rediyo, ban taɓa jin wadda ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Muka tarar da mai unguwa a kan tabarma da dattawa uku, sai Malam Audu a tsaye da fartanya a kafaɗa. Taya kuwa ba mu gan ta ba, an shigar da ita zaure. Bayan gaisuwa Yaya ya ce tasa ce, yana sauri.

"Madalla," in ji mai unguwa. "Amma tsintuwa ba a ba da ita sai da alama. Mece ce lambarta?"

Yaya ya dube ni. Na dube shi.

"Baƙa ce, ranka ya daɗe," in ji Yaya.

"Baƙa ce," in ji mai unguwa, ya juya ga dattawa. "Ku ji, ta bambanta da sauran tayoyi."

Malam Audu ya ce, "Ni dai ina cikin cirar ciyawa na gan ta ta shigo gona ba sallama, ta kwantar mini da gero, ta tsaya a gindin kuka. Na zaci akwai sauran motar a baya."

Wayar ta sake ƙara a aljihun Yaya. Da ya sa hannu zai ɗauka sai ya ci karo da guntun igiyar. Ya fito da shi, jiƙe da yawu, ya ce akwai ɗan'uwansa ƙulle a jikin wilin. Aka turo tayar, aka haɗa baki da baki, ya yi daidai.

"Wannan ba yankan wuƙa ba ne," in ji mai unguwa. "Wa ya yi?"

Yaya ya ce, "Ragon suna."

Sai da dattawa suka gama dariya sannan mai unguwa ya ce, "To ku yi sauri, hukuncinsa na jiransa." Yaya ya ba Malam Audu haƙuri a kan gero, shi kuma ya ce ya yafe, ya ma ɗauko babur ɗinsa ya kai Yaya da tayar har mota. Ni na biyo a ƙafa. Kafin in iso an ɗaura ta, ta kuma hau daidai. A wannan kam aikin Yaya bai da aibu.

Gidan suna

Mun isa takwas ta wuce. Wasu sun tafi gona, amma liman da surukai suna zaune. Baban mai jego ya tare mu, ya ce ba komai, ai hanya ce. Da Yaya ya so a bar maganar a nan. Gwaggo kuwa ko mayafi ba ta gyara ba ta shige cikin gida da labarin safaya, kafin a kwantar da rago muka jiyo shewar mata.

Aka yi addu'a, aka yanka, liman ya sanar da suna: Abubakar. Sunan Yaya ne, ba a kuma gaya masa tun farko ba. Ya sunkuyar da kai yana gyaran hula.

Da la'asar muka kamo hanya, muka tsaya a Bici mai faci ya gyara tayar, aka sa ta a cikin but inda rago ya bari. Mun isa gida kafin magariba. Mun gode wa Allah, mun gode wa mai unguwa da Malam Audu, da limamin da ya yi haƙuri.

Ranar Litinin Yaya ya je Rimin Gado ya sayo noti da sarƙa. A can gidan kuwa, da yake iyayen jaririn ba za su iya kiran sunan kakansa ba, sai da aka nema masa laƙabi. Mai Safaya ake ce masa.