Baba Mai Alli da Lambar da Aka Buga Sau Biyu

Kafin sauran kanikawa su iso gareji, Baba Mai Alli ya riga ya rataye rigarsa a ƙusa. Yakan zuba kananzir a gwangwani, ya ɗauki buroshin waya da guntun alli, ya sunkuya a kan injin wata tsohuwar mota. Aikinsa shi ne karanta lambar da kamfani ya buga a jikin inji da giyabos. Sai ya wanke wurin, ya goga alli har lambobin su fito fes, sannan ya bi su da babban yatsa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don idonsa ya yi rauni. Abin da ke ba ni haushi, har yau a garejin mai ɓata lokaci ake ce masa.

To bari in faɗa muku irin lokacin da yake ɓatawa.

Kawuna tsohon direba ne, yana da mota tun ta ƙuruciyarsa, yana ji da ita kamar 'yar fari. Da ya je sabunta takardu, jami'in duba motoci ya lura cewa a lambar injin akwai takwas da aka buga a kan uku. Ya ce a dawo da motar a sake dubawa, in an tabbatar canza lambar aka yi, za a riƙe ta a matsayin injin sata. Kawu ya dawo gida ya kasa cin abinci. Ba motar kaɗai ba, mutumin da bai taɓa ɗaukar allurar wani ba za a kira ɓarawo da furfurarsa.

Babban ɗansa mai walda ne, kuma gaggawa a jininsa take. Ya ja motar zuwa gareji, ya jona injin gurza ƙarfe, wai zai shafe wurin ya buga sabuwar lamba mai tsabta. Kanikawa na tsaye suna cewa dabara ta yi. Ina wurin, na ga Baba ya taso ya zare wayar injin daga bango.

"Baba, gyarawa zan yi," in ji ɗan kawu.

"Garin neman gira za ka rasa ido, ɗana. Wannan kuskuren shi ne shaidar ubanka. In ka goge shi, me zai nuna?"

Sai ya bayyana mana cewa a da da hannu ake buga lambobin nan, da guduma da ƙarfe mai lamba a bakinsa. Ma'aikaci yakan ɗauki ƙarfen da ba shi ba, in ya farga ya buga daidai a kai. Washegari Baba ya bi Kawu wurin jami'in. Ya nuna masa cewa fuskar ƙarfen ba a taɓa gurzarta ba, tsatsar cikin ukun da ta takwas ɗin sa'annin juna ne, kuma takwas ɗin tana da ɗan giɓi a gindi, irin giɓin da ke jikin takwas ta giyabos. Ƙarfe ɗaya ne ya buga su. Jami'in ya haska fitila ya duba da kansa, ya yarda injin ba na sata ba ne, ya miƙa wa Kawu makullinsa.

Kai ne, Baba, mai hana hannu yin abin da zai sa ido kuka. Amma kai ma kana ba ni haushi. Kawu ya zo yi maka godiya ka ce ya matsa yana tare maka haske. Na ce zan rubuta labarinka, ka ce in nemi aikin yi. Kuma duk garejin nan babu wanda ya zauna ya koya a wurinka, kowa na ganin injin gurza ya fi alli sauri.

Jiya ɗan kawu ya zo da motar zai kai Baba gida. Baba ya ƙi shiga sai da aka buɗe masa murfin inji. Bai iya ganin lambar ba, ya dai lalubo ta da yatsa.

"Tana nan," ya ce. "Kada ka bari kowa ya gyara ta."

Mun gode, Baba, ko ba ka so. Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma kanikawa, saura 'yan kwanaki ya sauke rigarsa daga ƙusar nan. Wani ya ajiye injin gurza ya je ya karɓi allin.