Malam Audi da 'Yar Mesar da Ta Ƙi Ci

Kafin rana ta yi zafi Malam Audi ya riga ya bar Dutsin-Ma. Yakan ɗaure akwatin magani a bayan tsohon babur ɗinsa, ya rataya kular allurar rigakafi, ya kama hanyar rugagen Kuki ko Kutawa. Malamin dabbobi ne, irin waɗanda ofishinsu garke ne. Makiyaya sun san ƙarar babur ɗin, kafin ya kashe shi an riga an kamo masa saniyar da ke ɗingishi. A wannan watan ya ajiye aikin gwamnati, kuma ya cancanci a tsaya a gaishe shi.

Masu shaidarsa suna da yawa. Gogo Turai ta Kuki ba ta manta ranar da ya durƙusa cikin taɓo ya juya maraƙin da ya zo a gicciye ba, har uwa da ɗa suka tashi lafiya. Amma labarin da ya fi nuna halinsa a Kurfi ya faru, kuma ba na saniya ba ne.

Akwai wani tela a garin mai suna Bilya. Mahaifinsa gardi ne, mai wasa da macizai a kasuwanni. Da tsohon ya rasu aka raba macizansa ga abokan sana'arsa, sai wata 'yar mesa da ba ta wuce kamu ɗaya ba Bilya ya riƙe, domin ita ce abu na ƙarshe da mahaifinsa ya rena da hannunsa. To, tun da ta dawo wurinsa ta ƙi ci. Makonni suka shuɗe, fatarta ta tattare, ƙashin bayanta ya fito. Wasu suka ce kewar mai ita take yi, binsa za ta yi. Wasu suka ce a buɗe bakinta a yi mata ɗurar ƙwai.

Ranar kasuwa Bilya ya tare Malam Audi a kara, inda ake cinikin dabbobi.

"Malam, don Allah ka zo ka duba mini wata dabba."

"Tunkiya ko akuya?"

"Mesa ce, Malam."

Malam Audi ya ɗan ja da baya. Yana saurayi kububuwa ta sare shi a gona, saura kaɗan a yanke masa ƙafa, kuma har yau ko igiya ya gani a ciyawa sai gabansa ya faɗi. Da ya ce aikinsa shanu da awaki ne, babu mai ganin laifinsa. Sai ya dubi fuskar Bilya, ya ga mutumin da bai gama makokin ubansa ba.

"Gaskiya ban taɓa duba maciji ba, kuma tsoronsu nike ji," in ji shi. "Amma mu tafi in gani."

A shago ya same ta, cikin wani faffaɗan akwati a kan siminti mai sanyin damina, dab da keken ɗinki. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ce a ɗaga masa ita ya gani. A wuyanta akwai ɗan rauni, inda ƙaton ɓeran da aka jefa mata da rai ya cije ta. Idanunta sun yi fari-fari kamar an shafa musu nono. Malam Audi ya tsaya daga nesa, ya daɗe yana kallo. Bai ba da magani ba. Ya koma gida ya buga wa wani likita da ya taɓa aiki a gidan namun daji waya, ya yi ta tambaya kamar ɗalibi.

Kashegari ya dawo da 'yar tukunyar ƙasa da aka fasa wa baki.

"Ba ciwo ke damunta ba, firgita ce da sanyi," ya ce. "Kuma saɓa za ta yi, shi ya sa idon ya yi haka. Ka kai ta ɗaki mai ɗumi inda ba hayaniya, ka kifa mata wagga tukunya ta samu wurin ɓuya, ka aje mata ruwa. Kada kowa ya ƙara taɓa ta, har kai."

"Malam, ɗurar fa? Kada ta mutu a hannuna."

"Ɗurar ce za ta kashe ta. Ka yi haƙuri, Bilya."

Raunin wuyan kuwa da kansa ya wanke shi kafin a kai ta ɗakin, Bilya na riƙe da kanta. Bayan haka duk ranar kasuwa sai ya biyo. Wata rana suka tarar da saɓarta a gefen tukunya. Malam Audi ya sa aka kawo ɗan ƙaramin ɓera da aka kashe, jikinsa da sauran ɗumi, aka ajiye a bakin tukunyar, suka fita suka ja ƙofa. Da suka leƙo bayan la'asar, babu ɓera, tsakiyar mesa ta yi tudu. Bilya ya zauna a ƙasa ya rufe fuska, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Malam Audi bai tsaya nan ba. Ya faɗa masa gaskiya cewa mesa girma take yi, gida mai yara ba wurinta ba ne. Da ta yi ƙarfi, tare suka kai ta ga masu kula da namun daji.

Malam Audi, kai ne mai zuwa ko an kira ka ga abin da kake tsoro. Kai ne wanda bai ji kunyar cewa ban sani ba, kuma bai mayar da hakan hujjar juya baya ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa hutunka ya zama mai albarka.

Ku kuma masu aiki a hannu yau, idan wani ya zo muku da damuwar da ba ta cikin aikinku, kada ku yi saurin sallamarsa. Ku tashi ku je ku gani.